Wata Ashirin da Marayan Ayu

Ina tsakiyar yi wa shanun wani Bafulatani allura a bayan gari aka aiko kirana. Yaron da ya zo a kan babur ko kashe injin bai yi ba, ya ce, "Malam, Baba Sarkin Ruwa ya ce ka zo da kayan aikinka, an kama ɗan ayu." Sai da na sa ya maimaita.

Ni malamin dabbobi ne, aikina shanu da tumaki da awaki, jefi-jefi kaji. Amma jikan masunta ne ni. Kakanninmu Kabawa ne da suka biyo ruwa daga ƙasar Kabi har suka kafa tunga a bakin Binuwai, ba nisa da Ibi a jihar Taraba. Muna yara da ayu ake tsorata mu, wai in ka yi nisa cikin ruwa zai janye ka ƙasa. Na girma na san namansa, na san mansa a kwalba, amma ban taɓa ganinsa da rai ba sai wannan rana ta watan Disamba, 2022.

Ambaliyar shekarar kowa ya ji labarinta. Damina ta yi ƙarfi, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a watan Satumba, kogi ya haɗiye gonaki da ƙauyuka. Shi ayu in ruwa ya cika yakan bi shi zuwa fadama ya yi kiwon ciyawar burgu da shinkafa, in ruwa ya fara ja da baya ya koma cikin kogi. A wannan karon ruwa ya kai inda bai saba kaiwa ba, kuma da ya tashi janyewa yashi ya toshe bakin wani tafki da uwa da ɗa a ciki. Masunta suka shimfiɗa kalli don kifi. Cikin dare uwar ta sarƙe a ragar. Ayu da huhu yake numfashi kamar ni da kai, dole ya fito da hanci sama bayan kowane 'yan mintoci, ita kuwa raga ta riƙe ta a ƙasa. Kafin hantsi an feɗe ta an raba. Ɗan ya kwana biyu yana zagaya wurin yana wani siririn kuka kamar na ɗan tsako, har samari suka kama shi.

Na same shi kwance a gefen taɓo, an ɗaure masa igiya a wutsiya, jama'a sun yi masa zobe. Sarkin Ruwa na zaune a kan wani kututture da sandarsa a gicciye, ya hana kowa matsawa. Dabbar launin toka ce, jiki kamar an cika buhu, ƙananan idanu kamar ƙwayar wake, ba a ganin kunne, wutsiya faffaɗa kamar faifai. A hannayensa biyu akwai 'yan farata, abin da ya fi komai tsaya mini a rai ke nan. Zaren raga ya yanki hannun dama ya shige cikin nama.

Na ce, "Baba, ni fa ban taɓa riƙe irin wannan ba."

Ya ce, "Ni na sha riƙewa, amma ba don ya rayu ba. Kai ka san magani, ni na san ayu. Sai mu haɗa."

Dattijon ya yi farautar ayu da hargi a ƙuruciyarsa. Shi ya hana a ɗaga shi ta hannu ko ta wutsiya. Muka zura tampol a ƙarƙashinsa, mutum huɗu suka kama kusurwa, aka ɗora shi rub da ciki a kan katifa a bayan a-kori-kura, muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun zannuwa. Masauki na farko wani tankin siminti ne da aka daina kiwon tarwaɗa a ciki. Muka wanke, muka cika da ruwan kogi iya ƙugu. Da sikelin rataya na masu awon hatsi muka auna shi: kilo 34, tsawo santimita 120. Na yanke zaren, na wanke ciwon, na shafa aidin.

A daren nan na yi kuskuren da ya kusa kashe shi. Na ga jariri ne mai yunwa, na aika ruga aka kawo madarar shanu, na dafa, na ɗura masa da sirinji kaɗan-kaɗan. Rashin sani ya fi dare duhu. Da safe na hau tudun da ake samun sabis na kira wata likitar dabbobi da ta koyar da mu a makaranta, wadda na san tana da hannu a harkar namun daji. Tambayarta ta farko, "Me ka ba shi?" Da na faɗa ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, kada ka ƙara." Ta yi mini bayani cewa nonon ayu mai ne da kauri, kusan babu irin sukarin da ke cikin nonon saniya, kuma hanjinsa ba ya iya narkar da wannan sukarin. Zawo da kumburin ciki su ne suka fi kashe marayun ayu a hannun masu reno. Ta ce har ta iso kada ya sha komai sai ruwan gishiri da sukari irin na yara masu gudawa, kuma in samo littafi in riƙa rubuta numfashinsa.

Littafin 'yan firamare na saya, mai layi-layi. Har yau yana nan. Mutum ya zauna a bakin tanki da agogo, duk lokacin da ƙofofin hancin nan biyu suka ɓullo suka buɗe, aka ji "fuu", sai ya ja layi. Lafiyayyen ayu kan yi minti uku zuwa biyar tsakanin numfashi, in yana hutawa babba kan kai kusan minti ashirin, jariri kuwa ya fi yawan tasowa. In layukan suka fara cunkushewa, akwai damuwa. Likita ta koya mini wata dabara ta lokacin da aka fito da shi waje don awo ko wankin ciwo: yakan riƙe numfashi don tsoro, to sai a zuba masa ruwa a kan fuska a tsaya, da ruwan ya gangare sai ya ji kamar ya taso sama, ya shaƙa.

Kwana uku Likita ta iso da gwangwanayen madarar jarirai marar wannan sukarin, da man kwakwa, da siririn tiyo. Ita ta zura masa tiyon ta ba shi abincin farko. Ta hana ni gwadawa ni kaɗai, domin in tiyo ya kauce ya shiga hanyar iska, madara ta sauka huhu, shi ke nan. Dole ya koyi kama bulumboti. Muka kawo irin wanda ake shayar da ɗan maraƙi, ya ƙi. Mu tura masa ta gaba, ya kau da kai. Kwana biyu muna wannan, nauyinsa ya sauka zuwa kilo 31, fatar wuyansa ta fara naɗewa.

Sarkin Ruwa yana kallonmu daga inuwa. Can ya ce, "Likita, a gafarce ni, kuna ba shi ta inda bai sani ba. Nonon uwarsa a hammata yake." Haka ne kuwa, a bayan kowane hannu nonon ayu yake, ɗan kuma a ƙarƙashin ruwa yake kamawa daga gefe. Na tuɓe riga na shiga tankin, na maƙale kwalbar a hammatata bakinta na kallon baya, na tsaya cik. Ya zagaya ni sau biyu. Sai na ji gashin bakinsa mai kaushi yana lalubar haƙarƙarina, leɓen nan na sama da ya rabe biyu yana motsi kamar yatsu, har ya samu. Ya ja, ya saki, ya taso ya numfasa, ya koma. Dattijon ya ce "Alhamdu lillahi" a hankali, kamar mai tsoron kada ya firgita shi.

Daga nan rayuwata ta koma awa uku-uku. Sau takwas a yini da dare, a dafa ruwa, a dama madara, a sa mai, a gwada ɗuminta a bayan hannu, a shiga tanki. Ni da ƙanena da wani ɗan Sarkin Ruwa muka raba dare. Lokacin kuwa hunturu ne. Wanda ya ga ƙibar ayu zai ɗauka sanyi ba ya kama shi, alhali kitsen da ke rufe masa jiki kaɗan ne, jikinsa kuma ba ya haɗa zafi da sauri. Ruwan da ya sauka ƙasa da digiri 20 yana yi masa illa. A kogi yakan nemi wuri mai zurfi, a tankin siminti kuwa babu wurin gudu. Sai muka kewaye tankin da zana, muka rufe rabinsa da tampol, mata suka ba mu aron manyan tukwanen biki. Tun kafin kiran assalatu ake hura wuta, a riƙa zuba ruwan zafi ta kusurwa ɗaya ana gaurayawa, ina duba ma'aunin zafi har ya tsaya wajen 28. Ruwan kuma kullum sai an sauya shi. 'Yan garuwa biyu suka ɗauki wannan aikin, rabin kuɗinsu kawai suke karɓa.

A cikin waɗannan darare ne na karanta duk abin da Likita ta turo mini a waya. A nan na san ana samun irin wannan ayu a ƙasashe 21 na Afirka, daga Senegal har Angola, a bakin teku da kuma can cikin ƙasa har Mali da Nijar da Chadi. Na san cewa a 1855 wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Vogel, ya gamu da shi a wannan kogin namu, ya rubuta sunansa yadda ya ji a bakin mutane, sunan nan dai namu na ayu. Na kuma karanta labarin wani maraya da aka tsinta a bakin teku a Mayumba ta ƙasar Gabon a watan Satumba na 2010, aka raɗa masa Victor, aka shekara da shekaru ana renonsa tare da shawarar masaniyar ayu Lucy Keith Diagne. Shekarun nan su suka sanyaya mini jiki. Na zaci aikin wata biyu ne ko uku. Ashe ɗan ayu kan bi uwarsa har kusan shekara biyu.

A mako na biyar cikinsa ya kumbura. Na zo shayarwar asuba na tarar yana yawo a saman ruwa a karkace, gefe ɗaya a sama, yana ƙoƙarin nutsewa iska na dawo da shi. Kashi ya tsaya. Likita ta ce a tsinka madarar da ruwa, a rage mai, a riƙa shafa masa ciki a cikin ruwa mai ɗumi. Kwana biyu babu sauyi, layukan littafina suna ta matsewa. Sai ta ce akwai abu guda: ayu a can ƙarshen hanji yake narkar da ciyawa kamar doki, da taimakon ƙananan halittun da ke ciki, ɗan kuma yakan same su ne ta cin kashin uwarsa. In za a samu ɗanyen kashin babban ayu mai lafiya, a dama kaɗan a ba shi.

Na rasa ta inda zan fara. Da na gaya wa Sarkin Ruwa sai ya ce a shirya jirgi da asuba. Muka yi tafiyar kusan awa biyu zuwa wani gurbi mai zurfi inda wani rafi ke shiga kogi. Ya sa aka daina tuƙi. Ya nuna mini burgun da ke bakin ruwa, yadda aka tsinke kawunansa aka bar kara, ya ce, "Jiya da dare ya yi kiwo a nan." Kashin ayu yana tasowa saman ruwa, curi-curi, da zaren ciyawa a ciki. A cikin kainuwa ya hango shi, inda ni ban ga komai ba. Da wannan idon ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, ranar kuwa ya miƙo mini abin a cikin ƙoƙo da hannu biyu. Mun ba ɗan ayun kaɗan a madara kwana uku. A dare na biyu ƙanena ya tashe ni, ya ce in zo in ga kumfar iska na fitowa. Da gari ya waye na tarar da shi kwance a ƙasan tanki, lafiya lau, yana barci.

Labari ya bazu, masu saye suka fara zuwa. Ɗaya mai sana'ar man ayu ne, wanda ake tallarsa a kasuwa da intanet a matsayin maganin sanyin ƙashi da kayan mata. Wani kuma da rai yake so, ya ce akwai masu gidan kallon dabbobi da ke nema, ya yi tayin kuɗin da zai sayi sabon injin jirgi. A garin da ambaliya ta cinye shinkafar shekara guda, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce, kuma ban ga laifin waɗanda suka ce a karɓa ba. Abin da ya taimake mu shi ne tun makon farko Likita ta sa muka sanar da ma'aikatan gandun daji, suka zo suka gani, suka rubuta takarda. Dokar kare namun daji masu ƙarewa ta 1985 ta haramta kama ayu ko cinikinsa a Najeriya, kuma tun 2013 CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa shi a jerin dabbobin da aka hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Ni dai abin da nake gaya wa masu neman man shi ne lissafi: macen ayu takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta shayar da shi kusan shekara biyu kafin ta sake. Kogin da ake cire masa ko da kaɗan ne duk shekara ba ya iya mayarwa.

Kuɗin madara ya ci mu. Abokan Likita sun taimaka, ni ma na sayar da tumaki biyu. Da ya fara taunar kainuwa da ganyen bado sai wani nauyin ya sauka a kanmu, na yankan ciyawa, domin babban ayu kan ci abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa a rana. Mutumin da uwar ta mutu a ragarsa shi ya ɗauke mana wannan. Ba wanda ya roƙe shi. Kullum da safe zai ajiye dami biyu na burgu a bakin zana ya wuce, bai taɓa leƙawa ba.

Bayan wata shida tanki ya yi masa kaɗan. Muka kafa shinge na itace da waya a wani lungun tafki da ba ya ƙafewa, muka mai da shi can. A nan ne na ga matsalar da ni da hannuna na shuka. Da ya ji takuna a bakin ruwa sai ya taho. In na tafa ruwa da tafin hannu sau uku, alamar da na saba yi masa lokacin abinci, zai zo ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Yara suna kiransa Maraya, suna miƙa masa ganye yana karɓa. In jirgi ya wuce kusa da shinge yakan bi shi. Ni abin yana faranta mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wata rana da yamma Sarkin Ruwa ya ga ya kwanta a jikina, ya ce, "Malam, ka san wanda na fi saurin samu a zamanina? Wanda bai gudu ba. Sabo turken wawa ne. In ka sake shi a haka, ka yi wa mai hargi kiwo."

Na kwana ban yi barci ba. Likita ma ta ce gaskiyarsa, masu wannan aiki a ko'ina suna rage cuɗanya da dabbar kafin saki. Sai muka juya komai. Aka hana yara zuwa, Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela. Muka ja zana a bakin shingen. Na daina shiga ruwa. Kwalbar a jikin gora muka ɗaure ta, ana zurawa ta bayan zana, ba magana, ba tafa ruwa. Muka rage shayarwa daga takwas zuwa huɗu, zuwa biyu, zuwa ɗaya, cikin watanni. Ciyawa kuma aka daina zuba masa a gaba, sai a kafe ta a laka da dare a wurare daban-daban, ya nema da kansa, domin ayun kogin nan da dare ya fi kiwo. Dattijon ya ƙara da tasa dabarar: lokaci-lokaci samari su zo da jirgi kusa da shinge, in ya taho su buga filafili a jikin jirgin da ƙarfi har ya gudu.

Makonnin farko na wannan sun fi mini daren hunturu wuya. Ina tsaye a bayan zana ina jin siririn kukan nan, irin wanda ya yi wa uwarsa a tafki, yana kai da komowa a daidai inda na saba tsayawa. Sau ɗaya na kai hannu zan ɗaga zanar, ƙanena ya riƙe ni ya ce, "Yaya, bari." Sannu a hankali kukan ya ragu. Ranar da jirgi ya doso ya nutse tun kafin a buga filafili, bai sake tasowa ba sai a can ƙarshen shinge, na rubuta a littafi na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Awon ƙarshe a watan Yuli na 2024 muka yi shi, da mutum takwas da reshen tsamiya: kilo 132, tsawo ya kusa mita biyu, wata huɗu rabonsa da madara. Hannun dama ya warke, ya bar farin tabo kamar awarwaro. A Senegal, a 2009, an ɗaura wa wasu ayu da aka ceto kusa da garin Matam na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Mu tabon nan ne kaɗai shaidarmu. Sarkin Ruwa ya tara masu jirage na tungaye uku, aka yi alkawarin ba za a shimfiɗa kalli a bakin rafin ba har ruwa ya gama cika.

A watan Agusta ruwa ya taso ya haɗe tafkin da kogi. Ma'aikatan gandun daji suka zo, Likita ta zo. Ba mu ɗauke shi ba, ba mu kore shi ba, itace shida kawai muka cire daga shingen bayan la'asar, kowa ya koma gida. Washegari yana ciki. Rana ta biyu ma yana ciki, amma an ci burgun da ke waje. Safiya ta uku na zauna a bayan zana da agogona awa guda cur, ban ja layi ko ɗaya ba.

Bayan mako uku muka shiga jirgi ni da Sarkin Ruwa zuwa gurbin nan da muka taɓa samo kashi. Ruwa ya cika, burgu ya yi kore shar, an tsinke kawunansa a wurare da yawa. Na ce, "Baba, ka yarda in gwada sau ɗaya?" Bai ce komai ba. Na sunkuya na tafa ruwa sau uku. Muka jira. Can nesa, kusa da kainuwa, hanci ya ɓullo, aka ji "fuu", ya nutse. Da ya sake tasowa ya ƙara nisa, ya doshi tsakiyar kogi.

Dattijon ya ɗauki filafilinsa ya ce, "Juya jirgin, Malam, rana ta yi."